TSAWO KAƊAI BA YA KAI YARO AMURKA: Yadda Ake Auna 'Yan Ƙwallon Kwando, Da Darasin Da Ke Ciki Ga Yola Da Jimeta

Duk wanda ya san Yola da Jimeta a watan Maris ya san ba a fita wasa sai la'asar ta yi sakaliya, domin zafin rana yakan wuce digiri 40, simintin fili kuwa ya gasu kamar tanda. Amma da zarar rana ta sunkuya, iska ta fara kaɗowa daga kogin Binuwai, sai ka ga samari sun fito filayen makarantu da ƙwallo a hannu, wasu da takalmin wasa, wasu da silifa, suna ta tsalle a ƙarƙashin kwandon da ragarsa ta daɗe da tsinkewa. A cikinsu ba a rasa wani dogon yaro wanda ya ɗara tsaransa da kai guda, wanda in ya ratsa kasuwa sai an juyo an dube shi, ana cewa wannan ai sai Amurka.

A cikin wannan wata na Maris ɗin dai, can a Amurka, jami'o'i ke yin babbar gasarsu ta ƙarshen kaka, wadda duk ƙungiyar da aka ci sau ɗaya sai ta kama hanyar gida. A cikin dubban 'yan kallo akwai waɗansu mutane da ba sa tafi, ba sa ihu, ba ruwansu kuma da wanda ya ci. Su ne masu farautar 'yan wasa, watau wakilan manyan ƙungiyoyin gasar ƙwararru ta NBA, waɗanda aikinsu shi ne su dubi ɗalibi ɗan shekara 19 ko 20, su faɗi abin da zai zama in ya kai 25. Abin da waɗannan mafarauta ke dubawa, da irin kurakuran da suka tafka a baya, shi ne muke son mu warware wa masu karatu a wannan mako, domin akwai darasi a ciki ga dogon yaron nan na Jimeta, da iyayensa, da malamansa.

YADDA AKE ZAƁEN

Gasar NBA tana da ƙungiyoyi 30. A watan Yuni na kowace shekara suna zama su raba sababbin 'yan wasa a tsakaninsu, kowace ƙungiya ta kira sunan wanda take so bi da bi. Tun daga 1989 zagaye biyu kawai ake yi, watau gurabe 60 ke nan ga duniya baki ɗaya. Domin kada mai ƙarfi ya yi ta ƙara ƙarfi, ƙungiyoyin da suka fi shan kashi a kakar da ta wuce su ake ba damar fara zaɓe, kuma tun 1985 ƙuri'a ake jefawa a tsakaninsu don a san wadda za ta fara. Tun daga zaɓen 2006 kuma ba a ɗaukar yaro sai in zai cika shekara 19 a cikin shekarar zaɓen, abin da ya sa yawancin yaran Amurka sai sun yi aƙalla shekara guda a jami'a tukuna.

To, jami'o'in da ke rukunin farko na wasan ɗalibai a Amurka sun haura 350, 'yan wasansu maza kuma sun fi 5,000. Ga kuma matasan Turai da Afirka da Ostiraliya, su ma suna hanƙoron waɗannan gurabe 60 ɗin. Wanda aka kira a zagayen farko yana da tabbacin albashin shekara 2, na ɗaya a zaɓen 2025 kuwa, watau Cooper Flagg na Jami'ar Duke, albashinsa na shekarar farko ya haura dala miliyan 10. Saboda haka ƙungiyar da ta yi zaɓen tumun dare ta yi asarar kuɗi, ta yi asarar shekaru, sau da yawa kuma manajanta ya rasa aikinsa. Wannan shi ya sa suke bin diddigin yaro kamar mai binciken gidan da zai nemi aure.

ABIN DA SUKE DUBAWA

Abu na farko shi ne shekaru. Wannan zai ba waɗansu mamaki, amma dalilin a fili yake. Ba wasan da yaro ya yi jiya ƙungiya ke saye ba, wanda zai yi nan gaba take saye. In ɗalibai biyu suna jefa maki iri ɗaya, ɗaya yana da shekara 19, ɗayan 23, to na farkon za a ɗauka, domin shi yana kan tasowa ne har ya iya karawa da yayyensa, na biyun kuwa wataƙila ya riga ya kai iyakarsa, yana cin ƙannensa ne da ƙarfin ƙashi. Ke nan in shekarun da ke kan takarda ba gaskiya ba ne, duk lissafin ya rushe.

Na biyu shi ne jiki. A watan Mayu akan tara fitattun ɗalibai a birnin Chicago a auna su ɗaya bayan ɗaya. Akan auna tsawo ba takalmi, domin jami'o'i sun saba ƙara wa 'yan wasansu inci ɗaya ko biyu a takarda. Sa'an nan a auna abin da Bahaushe ke kira gaba, watau daga ƙarshen yatsun hannun dama zuwa na hagu in mutum ya buɗe hannuwansa, irin awon da masu haƙar rijiya ke yi wa igiya. A auna kuma iyakar inda yatsunsa ke kaiwa in ya miƙa hannu sama yana tsaye. Mafarauta sun fi kula da waɗannan biyun a kan tsawon kansa, domin bakin kwando yana mita 3.05 ne daga ƙasa, kuma da hannu ake kai masa, ba da ƙoƙon kai ba. Yaro mai dogon wuya da gajerun hannuwa, a wurinsu gajere ne. Bayan haka sai a gwada tsalle, da gudun gajeren zango, da saurin juyawa gefe da gefe, wanda shi ke nuna ko ƙato zai iya tare ƙaramin ɗan wasa mai zillo.

Na uku shi ne gwaninta, kuma a nan ne aikin ya fi wuya, domin wasan jami'a da na ƙwararru ba ɗaya ba ne. A jami'a minti 40 ake yi, a NBA 48. A jami'a ƙungiya tana da daƙiƙa 30 ta kai hari, a NBA 24. Layin jifan maki uku a jami'a yana mita 6.75 daga kwando, a NBA kuwa ya kai 7.24 ta tsakiya. Ɗalibi yakan yi wasa 30 da 'yan kai a kaka guda, ƙwararre kuwa 82, ban da wasannin neman kofi. Don haka mafarauci ba ya ruɗuwa da yawan maki. Tambayarsa ita ce: a kan wa aka ci su, kuma ta wace hanya? Yaron da ke cin maki 20 domin kawai ya fi kowa a fili girma, ran da ya shiga inda kowa ƙato ne sai ya zama ba shi da sana'a. Har wa yau sukan dubi yadda yake jifan kyauta, watau jifan da ake ba ɗan wasa shi kaɗai in an yi masa ƙeta, domin sun lura cewa mai saiti a nan yakan koyi jifa daga nesa ko da bai iya ba tukuna. Sukan ƙirga sau nawa ya miƙa wa abokin wasa ƙwallon da ta zama maki, sau nawa kuma ya zubar da ita a hannun abokan hamayya, domin wannan shi ke nuna ko yana ganin fili ko kuwa kwando kaɗai yake gani.

Na huɗu shi ne lafiya. Likitocin ƙungiyoyi sukan ɗauki hoton gwiwa da ƙafa da baya, su gwada zuciya, su nemi tarihin duk raunin da yaro ya taɓa ji. Na biyar kuwa, wanda ba shi da ma'auni, shi ne hali. Sukan zauna da yaron su yi masa tambayoyi, su tuntuɓi masu horar da shi tun na sakandare, har da masu kula da kayan wasa, don su ji ko yana zuwa atisaye a kan lokaci, ko yana karɓar gyara, ko kuwa in aka zaunar da shi a benci fushi yake yi. Tsohon mafarauci yakan iso fili tun kafin a fara wasa don ya ga yadda yaro ke motsa jiki sa'ad da yake zaton ba mai kallonsa.

INDA TSAWO YA YAUDARI MASANA

Duk da wannan bincike, tarihin zaɓen cike yake da kurakurai, kuma da yawa daga cikinsu tushensu ɗaya ne: an ga tsawo, an rufe ido ga sauran. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na marigayi Yinka Dare, wanda aka haifa a Kano a 1972. Tsawonsa ya kai ƙafa 7, bai kuma fara wasan sosai ba sai da ya girma. Ya yi shekara 2 kacal a Jami'ar George Washington, inda girmansa ya ishe shi cin ɗalibai, sai ya fito zaɓen 1994, ƙungiyar New Jersey Nets ta ɗauke shi na 14. Ciwon gwiwa ya cinye masa kakar farko. A shekara 4 da ya yi ya buga wasa 110, a cikinsu duka sau 4 kawai aka rubuta masa miƙa ƙwallon da ta zama maki. Ya rasu a 2004 yana da shekara 31. Ba laifinsa ba ne da aka ɗora masa kayan da bai shirya ɗauka ba. Waɗanda suka auna shi ne suka sayi ƙafa 7, suka manta ba a ba shi lokacin koyon wasan ba.

A 1998 aka sake irin wannan. Ƙungiyar Los Angeles Clippers ta ɗauki Michael Olowokandi, haifaffen Legas wanda ya tashi a Ingila, a matsayin na ɗaya, alhali shi ma a makare ya fara wasan. Ya yi shekara 9 a gasar yana cin wajen maki 8 a kowane wasa, wanda ba abin kunya ba ne, amma a bayansa a wannan zaɓe akwai Vince Carter na 5, da Dirk Nowitzki na 9, da Paul Pierce na 10, dukansu kuwa sun zama taurari. A 2009 kuma aka ɗauki Hasheem Thabeet ɗan Tanzaniya, mai ƙafa 7 da inci 3, na 2, aka bar James Harden ya zama na 3, Stephen Curry na 7. Curry dai an raina shi ne don ƙaramin jiki da kuma ƙaramar kwalejin da ya fito, watau Davidson, sai ga shi ya zama wanda ya fi kowa jefa ƙwallon maki uku a tarihin gasar.

Wani lokaci kuma lafiya ce ke warware lissafi. Ƙungiyar Portland ta sha wannan sau biyu: a 1984 ta ɗauki Sam Bowie na 2, ta bar Michael Jordan, a 2007 ta ɗauki Greg Oden na ɗaya, ta bar Kevin Durant. Duka dogayen biyu ciwon ƙafa da gwiwa ne suka karya su. Shi kuwa Durant, a wajen awon 2007 ya kasa ɗaga ƙarfe mai nauyin kilo 84 ko sau ɗaya, aka yi ta yi masa dariya, amma hakan bai hana shi zama gwarzon gasar a 2014 ba. Nikola Jokic ɗan Sabiya kuwa sai a lamba 41 aka kira shi a 2014, domin ba ya tsalle ba ya gudu, ga shi ya zama gwarzon gasar har sau 3, saboda ganin fili da taushin hannu. Gaskiyar Hausawa da suka ce sai an gwada akan san na ƙwarai.

Mai karatu zai iya cewa, to Hakeem Olajuwon fa, ba dogo ba ne? Dogo ne ƙwarai, kuma shi aka ɗauka na ɗaya a 1984 ɗin da aka ɗauki Jordan na 3, ba wanda ya taɓa zargin ƙungiyar Houston Rockets da kuskure, domin ya kawo mata kofi a 1994 da 1995. Amma a dubi abin da ya zo da shi bayan tsawon. Tun yana yaro a Legas mai tsaron gida ne a ƙwallon ƙafa, kuma ɗan ƙwallon hannu ne. Da tawagar ƙwallon hannu ta makarantarsu ma ya je bikin wasannin kwalejojin horon malamai a Sakkwato yana da shekara 15, a can aka roƙa aka sa shi cikin 'yan ƙwallon kwando. Watau ya shigo wasan da ƙafa mai sauri da hannu mai kamu. Daɗin daɗawa, bai yi gaggawa ba: ya isa Jami'ar Houston a 1980, bai fito zaɓe ba sai 1984, bayan mafarauta sun gan shi a manyan wasanni shekara 3 a jere. Tsawo ya buɗe masa ƙofa, amma ƙafa da haƙuri suka shigar da shi.

ƊAN ZARIYA DA YA IYA AWO

Abin alfahari ne cewa ɗaya daga cikin waɗanda duniya ta shaida da iya wannan awo a Arewa ya tashi. Masai Ujiri an haife shi a Ingila a 1970, amma a Zariya ya girma, a can kuma ya koyi wasan a hannun Oliver Johnson, Ba'amurken nan da ya daɗe yana horar da matasa a Jami'ar Ahmadu Bello. Ujiri bai taɓa buga wasa a NBA ba. Bayan ya yi karatu a Amurka ya yi 'yan shekaru yana wasa a Turai, sai a 2002 ya fara yi wa ƙungiyar Orlando Magic farautar 'yan wasa ba albashi, yana biyan kuɗin tafiya daga aljihunsa. Daga nan ya yi ta hawa har ya zama babban manajan Denver Nuggets a 2010, aka zaɓe shi gwarzon manajoji a 2013, ya kuma jagoranci Toronto Raptors daga 2013 zuwa 2025, inda ta ɗauki kofinta na farko a 2019.

Zaɓen da ya fi nuna idonsa shi ne na 2016, sa'ad da ƙungiyarsa ta ɗauki Pascal Siakam, ɗan Duwala ta ƙasar Kamaru, a lamba 27. Siakam ya fara wasan a makare, ya fito daga Jami'ar Jihar New Mexico wadda ba ta cikin manya, shekarunsa 22, jifansa daga nesa kuma bai nuna ba. A bisa ƙa'idojin da muka lissafa a sama, da yawa sun hana shi. Amma an lura da abu biyu: ba ya gajiya da gudu daga wannan kwando zuwa wancan, kuma kowace shekara yakan dawo da wani sabon abu da bai iya ba a bara. Cikin shekara 3 ya zama ginshiƙi a ƙungiyar da ta ɗauki kofi. Darasin shi ne, in yaro ya fara a makare, abin dubawa shi ne saurin da yake koyo, wannan kuwa ba a ganinsa a rana ɗaya. Sai an sami wanda ya rubuta yadda yake bara, a kwatanta da bana.

INA YOLA TA TSAYA?

A nan ne maganar ta dawo gida. Adamawa ba baƙuwa ba ce a wannan wasa. Kwalejin Janar Murtala Mohammed da ke Yola ta yi suna a gasar Milo ta makarantun sakandare, wadda aka fara a 1999, ta sha fitowa daga shiyyar Savannah zuwa wasannin ƙarshe a Legas, har ta taɓa komowa da kofin ƙasa. Sakandaren Gwamnati ta Numan ita ma ta nuna kanta a wannan gasa. Ga Jami'ar Modibbo Adama a Girei, ga Jami'ar Amurka ta Nijeriya a Yola, ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jiha, ga kuma Jami'ar Jiha a Mubi. Makarantu akwai, yara akwai.

Hanyar fita ma yanzu ta fi ta zamanin Olajuwon faɗi. Ujiri ya kafa shirin Giants of Africa a 2003, yana tara matasa a sansanonin horo. NBA ta buɗe makarantar horar da matasan Afirka a Senegal a 2017, ta kuma fara gasar ƙungiyoyin Afirka ta BAL a Kigali a 2021. Daga waccan makaranta aka ɗauki Ulrich Chomche ɗan Kamaru kai tsaye a 2024, a lamba 57, Khaman Maluach ɗan Sudan ta Kudu kuma ya bi ta nan zuwa Jami'ar Duke, aka ɗauke shi na 10 a 2025. A zaɓen 2020 an kira haifaffun Nijeriya biyu a zagayen farko, Precious Achiuwa na 20 da Udoka Azubuike na 27. A ɓangaren mata ma Evelyn Akhator, 'yar Legas da ta yi Jami'ar Kentucky, ita aka ɗauka ta 3 a zaɓen ƙwararrun mata na 2017.

Amma a duba sunayen nan da kyau. Legas, Fatakwal, Duwala, Yawunde: garuruwan da mafarauta ke sauka ke nan. Tsakanin Yola da Legas akwai fiye da kilomita 1,000, ba kuma mafaraucin da zai yi wannan tafiya don an ce masa akwai wani dogon yaro a Jimeta. Zai tambaya ne: shekarunsa nawa, wa ya shaida? Gabansa nawa? Maki nawa ya ci a wasa nawa, a kan wa? Ina hoton bidiyon cikakken wasa? Ina sakamakon jarrabawarsa? A mafi yawan filayenmu ba mai amsar ko ɗaya. Ana wasa, ana ihu, a watse da magariba, ba a bar ko layi ɗaya a takarda ba. Yaron bai faɗi gwajin ba. Ba a ma sa sunansa a cikin masu gwajin ba.

Inda kuwa babu shaida, nan 'yan damfara ke samun kasuwa. Mutum zai zo wa uba da labarin yana da hanyar Amurka, a kawo kuɗin takardu da na biza, har ya ba da shawarar a rage wa yaro shekara 3 ko 4. Uba ya sayar da gona ko shanu, daga nan a nemi mutumin a rasa. In ma an yi sa'a yaron ya tafi, ramin ƙarya ƙurarre ne. Tun a 2009, da aka yi gasar ƙwallon ƙafa ta duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a Nijeriya, aka shigo da hoton ƙashin wuyan hannu don tantance shekaru, duniyar wasanni kuma ta koyi sa ido a kan takardunmu. Duk yaron da aka kama ya jawo zargi a kan na bayansa masu gaskiya.

ABIN DA ZA A IYA YI TUN YAU

Gyaran nan ba ya bukatar miliyoyi. Da farko, iyaye su karɓar wa yaro takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa tun yana ƙarami, su tabbata ranar da ke kanta ita ce a rajistar firamare da ta sakandare da fasfo, kada kuma su yarda kowa ya taɓa ta. Na biyu, kowane malamin wasanni ya sami tef ɗin tela da littafi guda, ya riƙa auna tsawo da gaba da miƙa da nauyin 'yan wasansa a farkon kowane zangon karatu, ya sa kwanan wata. Na uku, kada a buga wasa tsakanin makarantu ba tare da an zaunar da ɗalibai biyu a gefen fili suna rubuta maki, da jifan da ya shiga da wanda ya kuskure, da ƙwallon da aka miƙa da wadda aka zubar ba. Na huɗu, a kafa wayar hannu a wuri mai tudu a ɗauki wasan daga farko har ƙarshe. Guntayen hotunan da yara ke yankowa suna sawa a intanet ba sa gamsar da mafarauci, domin shi so yake ya ga abin da yaro ke yi sa'ad da ƙwallo ba ta hannunsa, da yadda yake komawa tsaron gida bayan ya yi kuskure.

Na biyar, masu horarwa su daina dasa dogon yaro a ƙarƙashin kwando kamar turke. A koya masa tafiya da ƙwallo da hannu biyu, da miƙawa, da jifa daga nesa, a bar shi ya buga ƙwallon ƙafa da ta hannu don ƙafarsa ta saki, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A kai shi asibiti a duba zuciya da gwiwa kafin a tsananta masa horo. Na shida, karatu. Jami'ar Amurka ba ta sa ɗalibi a fili sai an tantance takardunsa na sakandare, saboda haka wanda ya watsar da WAEC ko NECO don ƙwallo ya rufe wa kansa ƙofar da yake nema. Daga ƙarshe, manyan makarantun jihar nan su haɗa kai da hukumar wasanni su kafa gasa a tsakaninsu, gida da waje, maza da mata, a riƙa buga sakamakon kowane mako. Abin da mafarauci ke nema ke nan: wasa na kai a kai wanda aka rubuta.

Kada kuma mu yaudari yaranmu. Gurabe 60 ne a shekara, hangen Dala kuwa ba shiga birni ba ne. Har waɗanda aka kira sunansu ma akwai wanda bai taɓa taka filin ba, kamar Ejike Ugboaja, wanda Cleveland ta zaɓa na 55 a 2006 kai tsaye daga ƙungiyar Union Bank ta Legas, ya ƙare wasansa a wasu ƙasashe. Amma takardun da za su sa a dubi yaro a Chicago su ne dai za su sama masa gurbin karatu kyauta, ko wuri a Kano Pillars ko Gombe Bulls, ko a gasar BAL, ko cikin tawagar ƙasa wadda ta ɗauki kofin Afirka a 2015. Wanda wasa bai karɓe shi ba kuma yana iya zama mai horarwa, ko alƙalin wasa, ko ma mai awon kansa, kamar yadda ɗan Zariya ya yi. Watakila a cikin ɗaliban nan biyu da za a zaunar a gefen fili da biro da takarda akwai wanda idonsa zai fi na kowa.

Gobe da la'asar dogon yaron nan zai sake fitowa fili, jama'a kuma za su sake cewa wannan ai sai Amurka. Muna roƙon malaminsa ya zo da tef da littafi.